Sabon Furosesa don Tirelar Yaya

Litinin, 3 ga wata, 4:20 na yamma

Don lambobi na sayi littafin nan, ba don labari ba. Amma babu wanda zan gaya wa, to bari in rubuta.

Yau kwana goma sha tara da dawowar Yaya gida daga asibiti, bayan shanyewar ɓarin jikinsa na hagu. Mun dawo da gadonsa falo saboda matakala biyun da ke ƙofar ɗakinsa. Kwamfutarsa kuma na ɗora ta a teburin cin abinci, na ɗaure sitiyarin wasa a bakin teburin. Mama ta ce shi ke nan, yanzu a cikin tirela za mu riƙa cin abinci.

Likitar motsa jiki ce ta ce ya koma wasan. Ta hango sitiyarin a saman kwaba ta tambaya, na ce na wasan tuƙin tirela ne, mutum ya ɗauki kaya daga wannan gari ya kai wancan. Ta yi dariya ta ce, "Direban tirela ya zo hutu, ya zauna yana tuƙa tirela?" Yaya ya ce, "Wannan ba ta cin taya." Ya daɗe kafin ya kai ƙarshen maganar, amma ya kai. Ta ce minti arba'in kullum, da hannu biyu, kar mu bari ya ajiye na hagun a cinya.

Yau minti ashirin da shida ya yi ya tsaya. Ya ce, "Injiniya, motar nan jinkiri take. Ina murɗawa, sai ta yi shawara tukuna." Tun ina ajin farko a jami'a yake ce min Injiniya. Yanzu wata huɗu da na karɓi takardar, har yau dai shi kaɗai ke kirana da sunan.

Ya ce in canza mata furosesa, ƙwaƙwalwarta ta tsufa. Na ce zan auna.

Talata, 4 ga wata, 11:05 na safe

Mama tana kan keken ɗinkinta ta tambaye ni me nake aunawa tun safe. Na ce wasan kwamfuta hotuna ne ake jerowa da sauri, idan sun kai sittin a sakan ɗaya ido ba ya ganin tsalle. Ma'aikata biyu ne ke yin su. Furosesa yana lissafa inda kowace mota take, katin hoto yana zanawa. Na ce kamar mai yanka da mai ɗinki ne: idan mai ɗinkin ne baya, ko kin kawo mai yanka mai hannu huɗu rigar ba za ta fito da wuri ba.

Ta ce, "To wane ne ragon a cikinsu?"

Na ce ya danganta da inda motar take.

Ta ce, "Ke dai Auta, komai ya danganta."

Ga abin da na samu. A cikin gari, inda motoci suka yi yawa: hoto 37 zuwa 44 a sakan, furosesa ya cika maƙil, katin hoto yana zaman jira. A nan sabon furosesa zai taimaka, babu shakka. A buɗaɗɗiyar hanya: hoto 60 cif, furosesa yana aikin kashi 41 cikin ɗari. Sikirin ɗinmu ma ba ya iya nuna fiye da 60.

Yaya ba ya karo a cikin gari, don a can a hankali ake tafiya. Bayan gada yake karo. Wasan yana ajiye wata mota lalatacciya a wurin, wani lokaci tana nan, wani lokaci babu, sai an hango ta a kauce ta hagu. A daidai wurin nan hoto 60 na gani, sau bakwai.

Laraba, 5 ga wata, 2:40 na rana

An kawo takarda daga wurin aikinsa. Ranar Juma'a 28 ga wata zai je a gwada shi, idan ya ci ya koma bakin aiki. Ya sa na karanta masa sau biyu. Mama ta ci gaba da taka keke, amma na lura babu zare a allurar.

Makullin tirelarsa yana nan a ƙusar bayan ƙofa. Mama ta cire shi ranar Lahadi ta sa a durowa. Yau na gan shi ya koma ƙusa.

Alhamis, 6 ga wata, 5:15 na yamma

Na yi wani abin da ban yi niyya ba.

Hoto 60 bai nuna cewa babu jinkiri tsakanin sitiyari da sikirin ba, don haka na ce bari in auna wannan ma, in ba Yaya haƙƙinsa. Wayata tana ɗaukar bidiyo mai hoto 240 a sakan. Na jingina ta da kwalbar magani yadda za ta kama sikirin da sitiyarin gaba ɗaya, na ce ya tuƙa. Bayan ya gama na shiga ɗaki na riƙa matsa bidiyon hoto ɗaya-ɗaya ina ƙirgawa.

Daga motsin sitiyari zuwa motsin motar a sikirin: hoto 13. Sakan 0.054 ke nan. Babu laifi ko kaɗan.

A nan ya kamata in tsaya. Amma hannunsa yana cikin bidiyon, ni kuma ba na iya ganin abu biyu a jere ban auna tsakaninsu ba. Daga fitowar lalatacciyar motar zuwa motsin sitiyari: hoto 271. Sakan 1.13. Hannun dama yana fara turawa da wuri. Na hagun ne yake riƙe da sitiyarin kam, kamar ba a gaya masa ba.

Na jira ya shiga wanka na gwada da kaina. Hoto 79. Sakan 0.33.

Na ja layi uku a shafin baya: gari, gada, na'ura. Na ja na huɗu ban sa masa suna ba.

Juma'a, 7 ga wata, 9:30 na safe

Ya ce, "Injiniya, sakamako."

Na ce a cikin gari sabon furosesa zai taimaka sosai. Gaskiya ne.

Ya ce, "A gada fa?"

Na ce ban gama lissafin ba.

Asabar, 8 ga wata, 1:10 na rana

Zafin furosesa 63. Fanka tana aiki. Komai lafiya.

Litinin, 10 ga wata, 3:50 na yamma

Na je shagon da Doguwa take aiki. Ajinmu ɗaya, ita ta samu wuri a shagon gyara tun kafin mu gama. Na tarar da ita ta buɗe wata kwamfuta tana hura mata iska, ƙura ta rufe mata gira.

Na gaya mata irin madabod ɗinmu, wato faifan da komai yake zaune a kansa, na ce ina son furosesa mafi ƙarfi da zai hau shi. Ta tambayi lambobin, na karanta mata. Ta ajiye abin hurawar ta dube ni.

"Ke da kika tsayar da malami a gaban aji kan ɗigo ɗaya, ke ce za ki sayi furosesa don wurin da yake ba ki sittin?"

Na ce don cikin gari ne.

"A gari yake karo?"

Ta san Yaya. Shi ya kai mu tasha ranar da muka fara tafiya makaranta, ya ɗauki akwatunanmu biyu a hannu ɗaya yana tsokanarta wai ta sunkuya kar ta taɓa wayar lantarki.

Ta shiga ciki ta fito da ɗan akwatin roba. Furosesa ne na hannu, wani ya canza nasa ya bar shi. Ta ce in bar musu tsohon namu, in zo Asabar biyu in taya ta aiki, ta riga ta san yadda za ta yi da mai shago. Ta ce, "Sai kin sabunta manhajar madabod kafin ki sa, in ba haka ba ba zai gane shi ba. Na san kin sani. Na faɗa ne don in ji daɗi."

Da zan fita ta ce, "Jikin nasa fa?"

Na ce da sauƙi. Ta ce, "Ke ma ki riƙa cin abinci."

Laraba, 12 ga wata, 12:30 na rana

Sabunta manhajar minti huɗu ne. Idan wuta ta ɗauke a cikin minti huɗun nan, madabod ya mutu. Na hana Mama jona abin guga, na kashe firji, na tsaya a kan kwamfutar kamar mai gadi. Yaya ya ce ko ranar da ya haye kogi da tan talatin bai ga fuska irin tawa ba. Minti huɗu da sakan goma sha ɗaya. Wuta ba ta ɗauke ba.

Sai aikin hannu. Ina shekara goma sha biyu Yaya ya fara buɗe kwamfuta a gabana, a kan wannan teburin. Shi ya koya min in taɓa ƙarfe kafin in taɓa komai, shi ya nuna min ɗan alamar kusurwa uku da ake daidaitawa. Ya ce furosesa ba a danna shi, ajiye shi ake yi ya zauna da kansa. A ƙasansa akwai ƙananan allurai fiye da dubu, ɗaya ta lanƙwashe an shiga uku.

Yau da na ɗaga sabon, sai na ga ya miƙo hannu. Hannun dama. Na ba shi. Ya daidaita kusurwar, ya sake shi, ya zauna lafiya lau. Saura ɗan ƙarfen da ake kwantarwa ya kulle shi. Na kai hannu, ya ce, "Bari." Ya ɗago na hagun daga cinya ya ɗora yatsa a kan ƙarfen.

Sakan tara. Ban so in ƙirga ba. Na sa tafin hannuna a ƙarƙashin gwiwar hannunsa, ban tura ba, na dai ajiye. Da ƙarfen ya yi ƙas, Mama ta tashi ta ce ta manta ruwa a wuta. Babu komai a wuta, ni na kashe komai.

Na ɗiga man sanyaya daidai ƙwayar wake, na ɗaura fanka, na kunna. Ta tashi.

Laraba, 12 ga wata, 5:40 na yamma

Cikin gari: daga 37 zuwa 58. Ya ratsa kasuwar wasan yana danna oda babu dalili. Ya ce, "Kin gani? Na gaya miki ƙwaƙwalwa ce." Ya yi dariya har gefen bakinsa na hagu ya ɗan ɗaga. Rabon da in ga haka tun kafin ranar da ciwon ya same shi.

Gada: da 60, yanzu 60.

Motar tana nan. Ya buge ta.

Ya sake. Ya buge ta.

Ya zauna yana kallon sikirin, gilashin tirelar ya tsattsage, wasan yana tambaya ko a kira motar da za ta ja ta. Ya ce, "Ya ragu dai." Ya ce in kashe.

Juma'a, 14 ga wata, 10:00 na safe

Bai kunna ba jiya. Bai kunna ba yau.

Lahadi, 16 ga wata, 4:35 na yamma

Kwana huɗu. Hannun yana cinya. Ƙwallon robar da likita ta ba shi ya gangara ƙarƙashin kujera tun jiya, bai ce a ɗauko ba.

Mama ta same ni a kicin ta ja ƙofa. Ta ce, "Auta, abin nan ba ke kike juya shi ba? Ba za ki iya sassauta masa ba, ya ɗan samu ya wuce ko sau ɗaya?"

Na ce zan iya, amma lambar ba za ta zama gaskiya ba.

Ta ce, "Ni ba lamba na haifa ba."

Litinin, 17 ga wata, 8:15 na safe

A cikin saitin wasan akwai wurin da ake kashe hatsarin hanya. Danna ɗaya ne. Na yi yana banɗaki.

Na ce masa na ƙara gyara wani abu, ya gwada.

Laraba, 19 ga wata, 6:05 na yamma

Ya haye gada sau biyar jiya, sau shida yau. Minti arba'in cif, hannu biyu. Ya ci abinci har ya nemi ƙari. Mama tana waƙa a kan keke.

Zafin furosesa 58. Komai lafiya.

Komai lafiya.

Alhamis, 20 ga wata, 2:20 na rana

Maƙwabcinmu mai tasi ya shigo duba shi. Ina kicin ina jin su. Yaya ya ce masa ranar 28 zai je gwaji, yana son ya ɗan saba da hanya kafin nan. Ko zai ara masa mota ranar Lahadi da safe, ya zaga unguwa sau biyu? Mai tasi ya ce ai motar kamar ta Yaya ce, ya ɗauka ko yanzu.

Na zauna na yi lissafi a bayan takardar magani. Mota mai gudun kilomita 40 a awa tana cin mita 11.1 a sakan ɗaya. A sakan 1.13, mita goma sha biyu da rabi kafin sitiyari ya motsa. Na fita na auna da ƙafa daga ƙofarmu. Mita goma sha biyu da rabi ya kai daidai bakin famfo, inda mata suke tsayawa da bokitai.

Na dawo na wanke kwanukan da na riga na wanke.

Juma'a, 21 ga wata, 11:45 na safe

Na gaya masa.

Na shirya yadda zan fara tun jiya, amma da na zauna a gabansa da littafin sai kawai na ce, "Yaya, na cire motar."

Ya ce, "Na sani."

Na dube shi.

"Shekara goma sha huɗu ina kan hanya, Injiniya. Kin taɓa jin an yi kwana huɗu babu motar da ta lalace? Ko a aljanna sai an samu mai faci."

Na ce to me ya sa bai yi magana ba.

"Daɗi nake ji." Ya dubi keken ɗinkin. "Kuma Mama tana waƙa."

Na ce motar mai tasi fa?

Ya ce, "Wannan kam da gaske nake. Na ce ko a mota ta gaske hannun zai tuna." Ya nuna littafin da haɓa. "Kin bar shi a buɗe ran nan. Layi huɗu, uku da suna. Ke da kike rubuta ranar da kika buɗe man goge baki a jikin kwalinsa. Mene ne na huɗun?"

Na ce nasa ne.

"Nawa?"

Na ce wajen sakan ɗaya.

"Wajen? Yaushe kika fara cewa wajen?"

Na ce 1.13.

"Naki fa?"

Na faɗa.

Ya ce in nuna masa. Na kunna bidiyon a hankali na riƙe masa wayar. Motar ta fito. Hannun dama ya tura. Na hagu yana nan, yana nan, yana nan. A gudun da na sa, sakan ɗayan nan ya fi rabin minti. Ya kalla har ƙarshe. Ya ce in maimaita. Ya kalla ya sauke ido kan hannun da ke cinyarsa, kamar wanda ya haɗu da tsohon abokin aiki a asibiti.

Ya ce, "Ashe furosesa ba shi da laifi."

Na ce a gari yana da shi. Daga 37 zuwa 58.

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta fito duka ba. Ya ce, "Je ki, ina son in kwanta."

Asabar, 22 ga wata, 6:30 na yamma

Na yini a shagon Doguwa. Kwamfuta bakwai. Da na dawo ya juya fuska bango. Bai ce Injiniya ba.

Lahadi, 23 ga wata, 9:10 na safe

Mai tasi ya ƙwanƙwasa da makulli a hannu. Na tsaya a bayan labule. Na ji Yaya ya ce masa na gode, ba yau ba.

Mama ba ta yi min magana ba tun Juma'a, sai ɗauko da ajiye. Ɗazu na tarar ta ɗinke min aljihun jakar da ya yage tun watan jiya. Ta rataye ta a ƙofata.

Talata, 25 ga wata, 10:25 na safe

Ya kira ni. "Injiniya, kawo biro."

Ya faɗa na rubuta. Zuwa ga shugaban direbobi: yana godiya, ba zai samu zuwa ranar 28 ba, yana roƙon a ba shi wata rana nan gaba idan likita ta amince. Na tambaya ko in sa wata nawa. Ya ce kar in sa lambar da ba mu auna ba. Ya sa hannu da kansa.

Ya miƙe ya dafa bango har bayan ƙofa, ya cire makullin daga ƙusa. Na zaci durowa zai kai shi. Ya rataye shi a gefen sikirin.

Ya ce in mayar da lalatacciyar motar cikin wasan.

Juma'a, 28 ga wata, 4:50 na yamma

Yau ce ranar. Babu wanda ya ambata.

Ya sa na jingina wayar da kwalbar magani kamar wancan karon. Tun Talata haka muke yi: minti arba'in, duk inda motar ta fito in ƙirga. Layi na huɗu yanzu yana da suna, shi ya rubuta da hannunsa: Direba. Talata 1.15. Laraba 1.09. Jiya 1.12, ya ce jiya ba ta cikin lissafi don Mama ta yi masa magana, na ce tana ciki.

Yau motar ta fito a hawa na uku. Ya goge ta da gefen tirela, madubi ya fita, amma ya wuce. Bai tsaya ba sai da ya kai kayan.

Na zauna kusa da shi ina matsa hotunan ɗaya-ɗaya. Keken Mama ya tsaya. Na ƙirga sau biyu.

Hoto 233.

Ya ce, "Da kuɗinmu nawa ke nan?"

Na ce 0.97. Na ce har yanzu da nisa, Yaya, kusan ninki uku na nawa ne, kuma rana ɗaya ba ta isa a ce komai ba.

Mama ta ce daga can, "Ai sakan ɗaya ke nan, ku ce ɗaya mana ku huta."

Yaya ya juya ya ce, "A'a, Mama. Ukun nan da suka ragu nawa ne, da gumina." Ya turo min littafin da hannun hagu. Ya ɗan karkace, amma ya iso.

"Rubuta, Injiniya. Har ɗigon."